Muryar Babana da Inhela Mai Ruwan Ƙasa

Babana ne ladanin masallacin unguwarmu a Goronyo tun ba a kawo lasifika ba. In ya ɗaga murya, masu ban-ruwa a gonakin bakin dam sukan ji shi su ajiye fartanya. Ba shi da gonar kirki, ba shi da shanu. Muryar nan ce kawai abin da ya mallaka.

Fuka ta daɗe a ƙirjinsa, amma sai da noman rani ya kankama ta yi masa kaka-gida. Shinkafa da damina, shinkafa da rani, ana gama sussuka a cinna wa karan wuta, hayaƙi ya turnuƙe gari. Ni ce babbar 'yarsa, aurena kuma a maƙwabta, don haka ni ce mai kai shi asibiti. Na zauna a bencin nan har na san inda ƙusarsa ke kama zane.

Wata nas, Kirista 'yar Zuru, ita ta ba shi abin shaƙa guda biyu, wato inhela. Shuɗin na lokacin da numfashi ya sarƙe ne. Mai ruwan ƙasa kuwa safe da yamma, ko yana jin garau, don shi ke rage kumburin hanyar iska a hankali.

"Mi za ni yi da maganin da ba ni jin aikinai?" in ji Baba.

"Ka dai jure, Baba," ta ce.

Ya jure, kuma ya yi aiki. Muka daina gudun asibiti. Sai dai wani farin abu ya fito masa a harshe, murya ta fara dishewa. Nas ɗin ta ce maganin ne ke kwanciya a maƙogwaro, ya riƙa shaƙa kafin alwala, kurkurar baki ta wanke shi. Farin ya tafi. Muryar ba ta dawo ba. Aka rage maganin, fuka ta leƙo, aka mayar. Ya koma yana kiran salla kamar mai tsohuwar mura, mutane na kawar da kai don kunyarsa.

Wata azahar ina tankaɗe sai na ji muryarsa tangaran, irin ta da. Matan gidanmu suna ta hamdala. Ni kaɗai gabana ya faɗi, don na san abin da aka bayar aka karɓo ta. Na je na tarar da inhelar mai ruwan ƙasa a cushe cikin azara, ƙura ta rufe ta.

"Baba, ashe kun bar sha?"

"Ɗiyata, ki bar ni in gama kakar ga."

Na yi faɗa, na yi roƙo, har na gaji da jin kaina. Bai gama kakar ba. Ranar da aka ƙona gonakin bayan gari, a tsakiyar kiran la'asar numfashi ya yanke masa. A bayan motar albasa muka kai shi.

Da aka sallame mu, shi da kansa ya miƙa wa na'ibinsa lasifikar. Ya koma kan maganin, safe da yamma, ba sai na yi magana ba. Ya ƙara shekaru masu yawa, ya ga jikokinsa, ban taɓa jin ya gode wa inhelar nan ba.

Wani lokaci in na kai masa tuwo dab da magariba, nakan same shi tsaye a ɗaki yana fuskantar gabas, yatsu a kunne, yana kiran salla da 'yar muryar da ba ta wuce labule. Sai in tsaya da kwanon a hannu har ya idar.