Baƙin Man da Aka Tace Kamar Nono

Da sunan Allah nake fara wannan, Shi ne Mai tuna wa bawa abin da ya manta.

A shekarun da gyaɗa ke tashe, kafin a sami mulkin kai, ina da wani amini Bafulatani a gefen Tudun Wada. Tare muka yi karatun allo. Ni na zauna a gari ina karantarwa, shi ya koma wajen shanu. Da mahaifinsa ya rasu aka raba gado, sai ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi a danginsu: ya sayar da rabonsa na shanu kaf, ya je Kano ya sayo tsohuwar motar ɗaukar kaya mai bodin katako, ya koyi tuƙi. Danginsa suka ce ya haukace. Shi kuwa ya san idan motar nan ta mutu, ba shi da ko ɗan maraƙin da zai koma wa.

Yadda yake kiwon shanu haka yake kiwon motar. Ba ya barin ta a rana idan akwai inuwa. Da safe sai ya zagaya ta, ya shafa nan, ya leƙa can. Ba ya karanta boko, ni ma haka, amma wanda ya sayar masa ya nuna masa wani ɗan agogo a gaban direba, ya ce na baƙin mai ne, muddin allurarsa na tsaye a tsakiya inji na lafiya, in ta kwanta kuwa a kashe mota nan take.

Wata rana da kaka ya ɗauko wa mutane gyaɗa daga wajen Doguwa, na shiga gaba zan je Kano ta'aziyya. Muna tafe muna hira, mun kusa Kwanar Dangora, sai na ga ya ƙura wa agogon ido. Na bi idonsa da kallo. Allurar tana sauka a hankali, ta ɗan ɗago, ta sake sauka. Ya ratse gefen hanya ya kashe inji, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana salati.

"Malam, ta kwanta," in ji shi.

Na ce, "Ai ba mu ji wata ƙara ba."

"Saniya ma ba ta kuka ranar da ciwo ya shige ta."

Muka aika wani mai keke cikin gari ya kira makaniki. Wani Babarbare ne, tsohon soja, a can ya koyi aikin. Ya iso da buhun sufanunsa a kafaɗa, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya dubi aminina, ya ga kamanninsa, ya yi murmushi. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani.

"Ashe bawana ne. Wa ya ba ka mota? Ina sandarka?"

Da wata rana ce da aminina ya rama. Ran nan murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ubangidana, duba mini ita."

Makanikin ya daina dariya. Ina jin bai taɓa jin Bafulatani ya amsa masa wannan suna ba.

Bai yi gaggawa ba. Ya fara zaro siririn ƙarfen da ake auna mai da shi, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Mai na nan cike. Ya durƙusa ya duba ƙarƙashin mota, ƙasa a bushe, babu yoyo. Ya murza man tsakanin yatsunsa, ya kai hanci, ya ce babu warin fetur, da fetur ya shiga da ya tsinke kamar ruwa. Sannan ya ce wataƙila agogon ne ke ƙarya, don yakan yi. Ya kwance ɗan bututun da ke kai mai wurin agogon, ya sa aka tayar da inji na ɗan lokaci kaɗan, shi kuma ya kafa kunne a jikin ƙarfe. Maimakon mai ya yi tsartuwa, sai ya riƙa ɗiga da ƙyar.

"Kashe. Agogonka mai gaskiya ne," in ji shi. "Saura abu biyu. Ko mai ba ya samun hanyar hawa, ko kuwa ƙarafan ciki sun cinye, ya zama yana zurarewa ta ko'ina. In na biyun ne, sai dai Kano, kuma ba zan ɓoye maka ba, gyaran ya kusa kuɗin motar."

Aminina ya zauna a kan matakalar mota. Azahar ta yi, muka yi salla a gindin wata ɗorawa, na ja mu. Bayan sallama aminina ya daɗe bai tashi ba.

Makanikin ya shiga ƙarƙashi, ya tsiyaye man a garwa, ya kwance kaskon da ke gindin inji. Ya fito da shi ya karkata shi a rana, yana motsa dattin da ya kwanta a ciki da yatsa, yana neman ƙyallin garin ƙarfe. Ya ce akwai kaɗan, ba mai yawa ba. Ya sake komawa, ya fito da wani abu kamar ludayi mai rariya a baki, ya ce ta nan famfo ke tsotso mai. Rariyar ba a ganin ramukanta. Wani baƙin abu ya lulluɓe ta. Ya ɓamɓaro shi da farce, ya ja, sai ga zare-zare.

"Auduga ce wannan. Kai, bawana, hula kake saƙa wa injin? Yaushe rabonka da sayen sabon mai?"

Aminina ya ce ai ba ya barin mai ya yi datti. Duk ranar da ba aiki, yakan tsiyaye shi a ƙwarya, ya bar shi ya kwanta, ya tace shi da farin ƙyallen saƙi, sabo, irin wanda ake tace nono da shi a gidansu, sannan ya mayar. Ya faɗi haka ne kamar mai neman a shaide shi, don a ganinsa gata yake yi mata. Baƙin mai kuwa a lokacin tsada gare shi, ba ko'ina ake samunsa ba.

Na zaci makanikin zai fashe da dariya. Sai ya girgiza kai kawai, ya ce, "Na ga waɗanda suka kashe mota da sakaci, ban taɓa ganin wanda ya kusa kashe ta da tsabta ba. Nono ake tacewa. Wannan in ya tsufa zubarwa ake yi."

"A zubar? Duka?"

"Duka. Ko ka shafa wa ginshiƙin rumfa saboda gara."

Ya wanke rariyar da kananzir har haske ya riƙa ratsa ta, ya wanke kaskon, ya ɗaura komai. Ya aika aka kawo sabon mai daga rumfarsa. Kafin a tayar ya ce kada mu yi murna tukuna, allura ce za ta faɗi ko ƙarafan sun tsira, kuma sai inji ya yi zafi za a gaskata ta.

Aminina ya ce ba zai iya kallo ba, ni in duba masa. Ya tsaya a gaban mota ya juya ƙarfen tayarwa, ya ba agogon baya. Inji ya kama. Allurar ta yi jim, sannan ta tashi ta wuce tsakiya. Muka jira. Da inji ya ɗauki zafi ta ɗan sauko, ta tsaya gab da tsakiya, ba ta ƙara motsi ba.

Na ce, "Ta tsaya."

"A ina?"

"Zo ka gani da idonka."

Ya hau ya duba, ya daɗe yana dubawa. Makanikin ya ce an ɗan ci ƙarafan, amma za su kai shi shekaru in ya rage lodi ya bar gudu, kuma da ya ƙara tafiya kaɗan da allura a kwance, da yanzu wani zancen ake yi.

Aminina ya sauko ya yi sujada a kan tsakuwar gefen hanya. Da ya ɗago, ya kakkaɓe goshinsa, ya dubi makanikin ya ce, "To, bawana, tattara ƙarafanka ka hau baya, in rage maka hanya."

Muka shiga Kano bayan la'asar, a hankali, gyaɗar kowa ta isa. Alhamdu lillahi.