Firizar Inna Yalwa

Har yau ban manta da ranar da Alhaji Tanimu, wani mai sayar da hatsi a Ƙofar Kuyambana, ya aiko in je in cire firizar mahaifiyarsa daga layin wuta ba. A daminar 1992 ne, ban daɗe da barin hannun maigidana na buɗe shagon wayarin a Tudun Jukun ba.

Ni na yi wa gidan wayarin tun farko. Daga mita a zaure na ja layi zuwa ƙaramin akwatin fis a cikin gida, can na raba shi biyu: ɗaya na firiza, ɗaya na injin da ke jawo ruwa daga rijiya. Duka biyun na haɗa su da wayar ƙasa, wato wayar da ake ɗaurewa a sandar ƙarfe a binne a gindin katanga, don in wuta ta zube a jikin na'ura ta wuce ƙasa, kada ta bi ta jikin mutum.

A zaure Alhaji ya tare ni. Ya ce Inna Yalwa ta ishe shi da ƙorafi wai firiza tana jan ta, shi kuwa ya taɓa ya sake taɓawa bai ji komai ba. In firizar ce ta lalace, ba zai bar ta ta kashe masa uwa ba. In kuma tsufa ne, to lokacin hutu ya yi. Har ya yi magana da dillalin da zai sayar da ita. Abin da bai faɗa ba, ni kuwa na sani, shi ne da ƙanƙara da zoɓon firizar nan tsohuwar take yin bikinta da sunanta ba ta roƙi kowa ba.

Gidan birni ba a faɗa masa kai tsaye. Sai da aka sanar da mata suka shige ɗaka, sannan muka shiga, tsakar gida wayam. Na ɗora testa, abin gwada wuta, a jikin firiza, ba ta kama ba. Alhaji ya dafa murfin ya dube ni, irin kallon ai na gaya maka. Na durƙusa zan kwance soket ke nan sai Inna ta fito, don tsufa ya ba ta damar da sauran matan gidan ba su da ita.

Ta ce, "Malam, bari a kunna injin ruwa tukuna. Kai kuma Tanimu, cire takalminka."

Aka kunna injin, testa ta yi ja. Kafin in buɗe baki in hana shi, Alhaji ya tuɓe silifas ɗinsa na roba, ya tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya dafa murfin. Baya ya yi da salati, ya zauna daɓas a kan turmi, ya daɗe yana duban tafin hannunsa.

Inna ta ce, "Haka nake sha kullum in na idar da alwala."

Na kashe wuta na bi wayar ƙasa har gindin katanga, na tarar da bakinta a guntule ƙarƙashin sabon yaɓe. Ashe kafin damina magina sun zo yaɓe, suna gyara gindin katanga suka ci karo da ƙarfen, suka tumɓuke shi. A bayan madafi muka same shi, an mai da shi turken akuya. Injin kuma ruwan sama ya shige shi, wutar da ke zuba daga jikinsa ta rasa hanyar ƙasa, sai ta bi waya ta taru a jikin firiza. Ita firizar lafiyarta ƙalau.

Na binne sabon ƙarfe da gawayi da gishiri, na kewaye shi da siminti yadda magini ba zai taɓa ba, injin kuma na cire aka kai gyara. Alhaji bai yi dogon bayani ba, ya dai aika a gaya wa dillali kada ya zo. Na ga kunya a fuskarsa, na kau da kai na ci gaba da naɗe waya.

Tun daga ranar, duk gidan da na shiga a birni ba na fara aiki sai na ji daga bakin wanda wutar ta ja: yaushe, me ke kunne, me ke ƙafarsa, ko da daga cikin ɗaki za a ba ni amsa. Ku ma masu koyon aikin nan ku riƙe wannan. Maigida ne zai kira ku ya ba ku labari, amma ba shi ke tsayawa gaban firiza da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba.