Ƙarfe Ba Ya Shiga Kurmin Maƙera

Ranar Laraba, sha shida ga Maris 1977, Sha'ibu ya tashi ƙarfe biyar da rabi, ya yi sallah a masallacin unguwarmu a Ƙanƙara. Shida da rabi ya sha koko a tsaye a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, Suwaibatu. Ƙarfe bakwai muka fita a motar aiki, ni a gaba, shi a baya tare da leburori.

Ɗan farina ne, kuma sunan mahaifina ya ci, don haka ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. "Kai" nake ce masa. Shekararsa ashirin da uku. Daga aji biyu na sakandare ya gudu garejin wani bakanike a Funtuwa, na yi shekara guda ban amsa gaisuwarsa ba. Da kuɗin mai suka shigo aka shiga yanka hanyoyi ko'ina, wani kamfani ya ɗauke shi tuƙin katafila. Ni safiyo ne, da digirina daga Zariya. Ni na ja layin hanyar da yake sharewa, daga wajen Pauwa zuwa Yankara.

Daga takwas zuwa sha biyu ya share rabin mil, duk saura ce da 'yan sabara. Ƙarfe ɗaya muka yi azahar. Ƙarfe biyu muka isa bakin Kurmin Maƙera, inda layina ya ratsa ta tsakiya. Ko'ina a bushe yake, kurmin kuwa kore shar, tsamiya da maɗaci da ƙirya sun haɗe sama, birai na leƙenmu.

Wani dattijon Bamaguje mai suna Tanimu yana jiranmu. Ya tuttumɓuke turakun ƙarfen da na sa aka kafa, ya jera su gabana.

"Malam Safiyo, ga kayanka. Ƙarfe ba shi shiga kurmin ga."

Na tambaye shi dalili. Ya ce a nan Doguwa mai kurmin ta nuna wa maƙerin farko dutsen da ake narkawa ya zama ƙarfe. Shi da jikokinsa suka yi ta ɗiba har ta gaji, ta ce abin da ya fita cikinta kada ya kuskura ya komo. Tun daga nan mai neman itace a bakin kurmi yake aje gatarinsa.

Na ce, "Baba, akwai kabari a ciki? Akwai gona?"

"Babu."

Na rubuta babu. Kauce wa kurmin zai ƙara mil guda da kwalbati, injiniya kuma yana so a gama kafin ruwa ya sauka.

Na ce, "Baba, gwamnati ce ta ja layin."

"Ita gwamnatin ban gan ta ba. Alƙalami dai hannunka na gane shi."

Sha'ibu ya sauko yana dariya, ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba Tanimu, dokina ba ya tsoron iskoki."

"Mi ne ne nauyin dokin naka?"

"Ya kai giwa huɗu."

Tanimu ya daɗe yana kallon katafilar, ya ce, "To." Ya juya ya tafi.

Ƙarfe huɗu muka tashi aiki. Kafin mu shiga mota Sha'ibu ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada leburori su ji.

"Baba, na ɗan taka cikin kurmin nan da ƙafa. Ƙasar tana amsawa kamar ganga."

Na ce, "Kai ma ka koma Bamaguje? Tuƙi naka, awo nawa."

Ya sunkuyar da kai, ya shiga mota. Ƙarfe shida ya yi wanka ya fita wajen abokansa. Iyakar ranar ke nan.

Alhamis, takwas da kwata, ya kunna injin ya shiga. Na hau wani suri da na'urar awo don in riƙe masa layi. Birai suka watse, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Tanimu da 'ya'yansa biyu suna tsaye nesa.

Yadi ashirin. Yadi arba'in. Tsamiya ta farko ta faɗi. Sai na ga ƙasa ta tsage a bayan katafilar, ƙura na fita ta tsagar, tsagar tana bin sa ta gefen hagu.

Na ɗaga murya: "Kai! Kai!"

Leburori sha shida suka waiwayo, don kowannensu kai ne. Shi bai waiwayo ba. Duk yini "kai" ake ta yi a wajen aiki. Sunan yana bakina, harshena ya ƙi. Na sha ƙirga wannan tsakanin. Bai wuce daƙiƙa huɗu ba. Sannan na kira shi, sau ɗaya, da iyakar ƙarfina. Ya juyo, ya dube ni da mamaki. Ƙasa ta rufta.

Ramukan haƙar tama ne na mutanen da, sun haɗu da juna ta ƙarƙashi, zurfin gaba uku, saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye sun rufe bakinsu. Babu su a kowace taswira. Leburori suka ƙi sauka. Tanimu da 'ya'yansa ne suka kwance wuƙaƙensu a bakin kurmi, suka sauka da igiyar rama, suka fito da shi kafin azahar. Da la'asar muka kai shi makwancinsa a Ƙanƙara.

Daga baya na koma na auna. Daga kujerarsa zuwa ƙasa mai ƙarfi yadi huɗu ne. Ko daƙiƙa huɗu sun isa mutum ya sauka ya tsallake yadi huɗu, na tambayi direbobi uku, kowa da amsarsa. Na sake jan layin, hanya ta zagaye kurmin. Kamfanin bai iya fitar da katafilar ba.

Bayan sadakar arba'in Suwaibatu ta buɗe ɗakinsa. Rigunansa muka raba wa leburorin. Babur ɗinsa ya koma hannun ƙanensa Mamuda, akwatin sifanu kuma wani abokin tuƙinsa ya roƙa, muka ba shi. Takalmin aikinsa ƙafa ɗaya aka fito da shi. Ba wanda za a ba takalmi ƙafa ɗaya. Ta wanke shi, ta shanya, ta naɗe cikin tsohon zane, ta sa a ƙasan adakarta.