Na Ga Zanzaro a Jirgin Ƙanena, Na Yi Shiru

Abu uku nake da su a lokacin: ƙane tilo da muke ciki ɗaya, suna mai kyau a kasuwar Gaya, da zuciyar da ba ta zargina da komai. Duka ukun na sa a caca ban sani ba. Ni mai sayar da kayan gyaran babur ne. Da faci na fara a bakin titi, har Allah ya ba ni shago da sito a bayansa. Ni na gyara wa Inna ɗakinta a Gafasa, ni na kai ƙanena koyon walda. Duk inda ya shiga ƙanen wane ake ce masa, kuma ban san ina jin daɗin hakan ba sai da maganar ta juya.

Ya yi shekaru yana haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera ɗaya, da bututun ƙarfe da wani inji da ya gyara. Da farko dariya ake yi masa, ni ma ina tayawa, ina ba shi noti da waya kyauta kamar mai lallashin yaro. Da jirgi ya yi fukafukai, hotonsa ya zaga wayoyi, mutane suka fara zuwa kallo daga Ajingi har Kademi. Ranar da wani mai Keke ya tsaya yana tambaya ko nan ne shagon yayan mai jirgi, na amsa da fara'a, amma abincin rana bai shige ni ba. Har Inna, in na je gaishe ta, kafin na zauna ta fara ba ni labarin jirgi.

Da damina ta faɗi, ya roƙe ni ya ajiye jirgin a sitona don rumfarsa tana yoyo. Ranar ya nuna mini wasu ƙananan ƙofofi biyu, ɗaya a kowane gefe bayan kujera, faɗinsu bai fi kan ashana ba. Ya ce ya daɗe yana gwaji kafin ya sami wurin da iska ba ta dukansu kuma ba ta zuƙe su. Siririn tiyo ya haɗe su, ya fara yin sama don kada ruwa ya kwanta ciki, sannan ya wuce zuwa agogon gudu da na tsayi. Ya ce ta nan agogunan ke shaƙar iska, in suka toshe allura za ta yi masa ƙarya. Ya cusa musu tsinke mai jan ƙyalle, ya ce Yaya, amanar ke nan, a kula masa da su.

Masu sauke taya suka goge tsinkayen suka faɗi. Na tsince su, na riƙe, na jefa a kwandon shara. Bayan kwanaki na ga zanzaro yana kai-komo da laka a baki yana liƙe ƙofofin, ya gama da wannan gefe ya koma wancan. Na tsaya ina kallonsa kamar lebura na ɗauka. Lissafina shi ne ranar gwaji allura ta ƙi motsi, jama'a su yi dariya su watse, kowa ya koma matsayinsa.

Bayan girbi aka kai jirgin wani fili kusa da Gafasa. Niyyarsa gudu a ƙasa kawai, har ya ja layi a fuskar agogo inda ba zai wuce ba. Ashe rana ta ɗumama iskar da laka ta rufe a tiyon, allura tana nuna ƙasa da gaskiya. Yana ta ƙara wuta yana jiran ta kai layi, sai jirgi ya ɗaga fiye da tsayin mutum, ya karkata, fiffike ya caki ƙasa. Hannunsa na dama ya karye.

Da ya fara samun sauƙi ya tono lakar da allura, ya nuna mini a tafin hannu. Ya ce sakacinsa ne da ɗokin jama'a ya hana shi dubawa, har yana gode mini da ajiya. Wannan godiyar ce ta fi ƙarfina, na faɗa masa komai. Ya ce ya yafe, amma kada Inna ta ji. Har yau yana gaishe ni a durƙushe, sai dai ko noti yake so, Kano yake zuwa ya saya.

Hassada ba ta taɓa gaya mini sunanta ba, cewa ta yi ƙanena nake so ya dawo hankalinsa. Duk wanda ya ji ana yabon ɗan'uwansa abinci ya tsaya masa a wuya, ya nemi tsari tun a nan. Ni mai lissafi ne, ga nawa. Riba: yanzu babu mai ce mini yayan mai jirgi. Asara: hannun da ba ya iya riƙe walda da daɗewa, jirgin da kaji ke kwana a ƙarƙashinsa, da ƙanen da ya yafe mini amma ba zai sake ba ni ajiya ba.