Ƙarafan da Na Zare wa Motar Babana

Motar babana tsohuwa ce tun ranar da ta shigo gidanmu. Wasu Turawa masu haƙa rijiyoyi ne suka bar ta a Maraɗi lokacin da mulkin ƙasa ya dawo hannunmu, Baba ya saye ta a gwanjo, aka koro ta Dakoro mata na rangaɗa guɗa. Gajeriya ce, ƙafafunta huɗu duka suna ja. Cikin ƴaƴansa ni ne na yi zaman gareji, don haka ni aka damƙa wa makulli. Ban taɓa riƙe abin da nake so kamar makullin nan ba.

Fataken hatsi na garinmu hanya ɗaya suke auna mota. A labta mata buhuna, a ja da baya a dubi gindinta. In bai sauka ba, an yi saye. In ya sauka, mai ita ya zama abin hira a rumfunan kasuwa. Shi ya sa duk wanda ya sayi mota, kafin ta ɗauki ko tiya ɗaya, sai ya ƙara mata lam, wato faifayen ƙarfen nan da ake jerawa bisa juna kusa da taya don su tallafi nauyi. Baba ya ƙara, ya sake ƙarawa. Motar ta sandare ƙiƙam, shi kuwa yana shafa gemu yana karɓar yabo.

Yabon nasa ne, wahalar tawa. Hanyar Birnin Lalle da sauƙi. Amma ka doshi Bader Goula, rairayi ne da kwazazzabai. Mota sandararriya in taya ɗaya ta faɗa rami ba ta sauka ta taɓa ƙasa, sai ta rataye a iska tana juyawa a banza, motar ta kafe. Na yi tonon rairayi da kwano har hannuna ya yi kanta. Wata rana makiyaya ne suka ɗaura mata igiya, raƙuma suka jawo ni. Wani dattijo cikinsu ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗago yana dariya, ya ce, "Yaro, abar taka ba ta da gwiwa." Na ji haushi ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

Na kai wa Baba magana. Na ce a rage mata ƙarfe ƙafafunta su samu hanyar hawa da sauka. Ya dube ni sheƙeƙe, ya ce, "Mi kac ce? Mota ƙara mata ƙarhe ake, ba a rage mata. Tashi ka ba ni wuri." Shi da bai taɓa wuce bakin gari a cikinta ba!

Da ya tafi fatauci Jibiya, na rage mata ƙarfen, ban kuwa yi a ɓoye ba. Da rana tsaka, a ƙofar gida, na ɗaga ta na tokare da turame, na kwance lam ɗin na zare gajeru masu kauri daga cikinsu, na shafe sauran da man giris don su riƙa zamewa bisa juna. Maƙerin unguwarmu ya ƙera mini maratayin lam masu ɗan tsawo. Akwai kuma amartisar, bututun nan mai mai a ciki da ke hana mota tsalle. Nata gajeru ne, suna riƙe taya kafin ta gama sauka, sai na ciro dogaye daga wani mataccen kamiyo, wato babbar motar kaya, na wanke, na zuba musu sabon mai. Da na sake ɗaga ta, tayar ta sauko fiye da taƙi guda. Na zauna a ƙasa ina kallonta ina murmushi ni kaɗai.

Na san halin Baba, zai ce in mayar. Don haka na kwashi ƙarafan da na zare na kai maƙera. Maƙerin ya juya su a hannu, ya ce, "Ɗan Alhaji, shi ya sani kuwa?" Na ce, "Zai sani." Ya girgiza kai, amma ƙarfe mai kyau ba ya wuce maƙeri. Kafin Baba ya dawo sun zama hauyoyi da gatura, suna gonakin mutane.

Na kai kaya Bader Goula na dawo ban taɓa kwano ba. A kwazazzabon da raƙuma suka jawo ni, na ji tayar ta sauka ta kama ƙasa, motar ta miƙa ta haye. Na buga oda ba kowa a wurin, don daɗi kawai.

Baba ya dawo ranar kasuwa, aka shiga lodin gero yana tsaye. Buhuna ba su kai rabin abin da aka saba ba gindin motar ya sauka. Wani abokin hamayyarsa ya ɗaga murya daga rumfa, "Alhaji, motar taka akwai ladabi, ga ta ta durƙusa tana gaishe mu!" Kasuwa ta kwashe da dariya. Na ga fuskar Baba, kuma har yau ba na son tuna ta. Muka koma gida, muka shiga zaure.

Ya ce, "Ina ƙarahuna?" Na ce, "Suna noma, Baba." Na ce in ya yarda in riƙa ɗaukar kaya kaɗan ina yin sawu biyu, zan fi mai sawu ɗaya da ke kwana a rairayi. Ya ce, "Ni kas sa anka yi ma dariya cikin kasuwa, kana yi mani lissahin sawu?"

Ya aika Maraɗi aka kawo sababbin lam. Ya sa aka jera su a kan tabarma cikin zaure, ya kira ni gaban ƙannensa. Ya ce, "Ɗaura su da hannunka, makulli ya zamna wurinka. In ba haka ba, aje shi nan."

Na ce, "Baba, ku shiga mu tahi Bader Goula sau ɗaya. In ta kahe, ni da kaina zan ɗaura." Ya ce ba ya ciniki da ɗan da ya haifa. Ƙannensa suna ta yi mini alama da ido in duƙa in ba da haƙuri. Ina son makullin nan kamar raina. Na ciro shi daga aljihu na ɗora a kan ƙarafan, na sa takalmina na fita.

Wani direba aka ɗauko daga Maraɗi, shi ya ɗaura su. Ni na koma gareji ina kwanciya ƙarƙashin motocin wasu. Muna gaisawa da Baba, muna cin tuwo akushi ɗaya, amma har ya rasu bai sake ce mini in taɓa sitiyarinta ba, ni kuma ban roƙa ba. Ya ji zafi, na ji zafi, ina kuma kewarsa. Amma da za a sake jera ƙarafan nan gabana yau, wallahi ba zan ɗaura su ba.