Baitin da Ya Rage a Kaina

Ranar Talata, tara ga wata, da hantsi, mai gidan da muke haya ya tsaya a ƙofata ya ce maƙwabcina Dogo ya rasu a asibiti, bayan jinyar kwana uku. Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma. Dogo ɗana, shekarunka ashirin da huɗu. Ni da na haura tamanin, ni ne yau nake rubuta maka ta'aziyya.

Bango ɗaya ya raba ɗakina da naka. Da faɗa muka san juna: na bubbuga bangon da sanda don ka rage ƙarar jita. Sai ga ka kana murmushi, ka ce, "Baba, ai bugunka ya fi nawa daidai. Ko za a ƙara?" Daga ranar na sake samun aiki, shekara ashirin bayan na bar koyarwa.

Ba ka da kamfani, ba ka da ubangida. Da rana gyaran waya a shago, da yamma haɗa waƙa. Ɗakina ka mayar wurin ɗaukar murya, wai littattafaina suna shanye amsa-kuwwa. Ka rataya bargona a taga, ka kashe fanka, mu yi ta gumi. Ni kuwa ina ƙirga gaɓoɓi da sanda, yadda aka koya mana a makaranta. In baiti ya yi ɗingishi, sanda ta tsaya, kai ma ka tsaya. Kai kake karɓo min magani, kai kake ɗaga ni in ƙafa ta ƙi. Ranar da aka fara sa waƙarka a rediyo, nan ka rugo kafin ka kira kowa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Waƙar da ka yi wa mahaifiyarka, mun ɗauki baiti uku. Na huɗun ni na hana, na ce bai miƙe ba. Ka ce, "Haba Baba, mutane ba su da sanda a kunne." Na kafe. Ka tafi ka gyara. Ranar Alhamis, kana hanyar shago, ka tsaya a ƙofa ka rera min shi sau ɗaya, sanda ba ta tsaya ba. Ka ce Asabar za mu ɗauka. Asabar kana gadon asibiti.

Kai ba ka rubuta waƙa a takarda. Baitin nan babu shi ko'ina sai a kaina, kan da ke manta inda ya ajiye tabarau. Kalmomin dai yanzu na rubuta su. Karin muryar ne ban san yadda ake rubuta shi ba. Ina ta nanata shi, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gado. Jiya na ji layi na biyu ya sauya a bakina, ban sani ba ko naka nake rerawa ko nawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mahaifiyar Dogo, Allah Ya ba ki haƙuri ke da ƙannensa. Ki yafe wa tsohon da ya tsare miki waƙarki.

Kai kuma abokinsa mai haɗa sauti, in takardar nan ta iso gare ka, ka ɗauko na'urarka ka zo. Muryata ta tsufa, amma za ta yi. Kada ka ce sai Asabar.