Harafin da Na Karanta wa Baba

Wata ranar Juma'a da hantsi, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, Baba ya kira ni zaure. Kaka ce, an gama yankan dawa, dammuna na jingine a gindin rumbu, Inna da maƙwabtanta suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na shigo ƙafafuna duk ƙura daga wasan langa, na tarar ya shimfiɗa buzu ya buɗe battar nan ta fata wadda ba a yarda mu taɓa ba.

Baba manomi ne a Paki, yana kuma koyar da allo da safe, amma abin da ya fi so a duniya shi ne tara tsofaffin kuɗi. A battar akwai wuri, da anini mai huji, da riyal na azurfa, da waɗansu masu rubutun Larabci da ya samo wajen fatake. Yakan jiƙa tsamiya ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Akwai guda ɗaya da ke naɗe ita kaɗai cikin farin ƙyalle, 'yar ƙarama ce ja mai nauyi, gefe ɗaya kan mace da taurari kewaye da shi, ɗaya gefen mikiya ta buɗe fikafikai. Mahaifinsa, Alhaji, ya je Makka a ƙasa, ya yi shekara uku yana dako a Jidda, da ita aka sallame shi. Kafin ya rasu ya ce wa Baba zinariya ce, kada ya nuna wa baƙo. Babu daren sallar da Baba bai ba mu labarin nan ba.

Abu ɗaya ya dame shi, rubutun jikinta na boko ne. A lokacin ina aji uku a makarantar Ikara, inda nake zaune wajen gwaggona, shi ya sa ya jira na zo hutu.

"Ɗan boko, zo ka gaya mini abin da Alhaji ya kawo."

Na karɓa ina jin kaina malami. Dogayen kalmomin sun fi ƙarfina, amma a ƙarƙashin mikiyar na gane kalmar biyar da Turanci, sai harafin D da ɗigo. A makaranta kullum muna lissafin fam da sule da kwabo, kwabo kuwa da harafin d ake rubuta shi. Ban yi ko shakka ba.

"Baba, ai kwabo biyar ce."

"Sake dubawa dai."

"Wallahi haka malaminmu yake rubutawa a allo."

Ya daɗe yana kallon ta a tafin hannunsa. Can ya ce a hankali, "Ashe tagulla suka ba Alhaji. Shekara uku." Ya jefa ta cikin sauran, ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu.

Daga ranar bai ƙara ba da labarin Jidda ba. In an ambaci Alhaji sai ya ce Allah ya ji ƙansa, ya kawo wata maganar. Da rani ya tafi da ni kasuwar Makarfi sayar da mazarƙwaila, sai na ga ya miƙa 'yar jar kuɗin nan ta Alhaji ga wani ɗan koli. Mutumin ya auna ta a hannu, ya ɗan cije ta, ya ba Baba madubi da ƙullin allurai na Inna. A hanyar dawowa Baba ya saya mini rake, ya ce karatuna ya yi amfani.

Baba ya rasu ina da shekara ashirin da huɗu. Sai bara, da na ba jikana labarin kuɗin Alhaji, ya nuna mini hoton irinta a waya, mikiyar nan da taurarin nan. Ya ce kuɗin Amurka ne na zinariya, na ƙarni na sha tara, D ɗin kuma dala take nufi. Wai akwai masu tara irinsu, suna ajiye kowace a gidanta na gilashi, sun san shekararta da garin da aka buga ta. Ya ce mu bincika ko nawa take yanzu. Na ce ya bari.

A da tsoho yakan faɗi magana a zaure a riƙe ta shekara hamsin ba a nemi shaida ba. Yanzu yaro yakan taɓa waya sau biyu ya san gaskiyar abu, sai dai waɗanda ya kamata su ji ta duk suna maƙabarta. Ranar da na sani na je kabarin Baba, na yi masa addu'a, na tsaya ina neman yadda zan fara. Alhaji bai yi ƙarya ba, ba a kuma cuce shi ba, amma ɗansa ya tafi bai sani ba.